Asalin Duniya: Kada Mu Bar Yaranmu Tsakanin Amsoshi Biyu Gajeru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana tayar da jijiyoyin wuya a majalisunmu na Gusau da zaurukan karatu, wato maganar yadda duniya ta samo asali. Abin da ya fi damuna shi ne halin da ɗalibin sakandare yake ciki a yau. Da safe malamin labarin ƙasa ya gaya masa cewa wannan ƙasa da muke takawa ta kai shekara biliyan 4.5, da yamma ya je Islamiyya ya karanta cewa Allah Ya halicci sammai da ƙasa a cikin kwana shida, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa tambayar da kowace magana take amsawa. Idan ya yi ƙarfin hali ya tambaya, ɗayan biyu yake samu: ko dai a ce masa wancan karatun Nasara ne, ya haddace don jarrabawa ya zubar a bakin ƙofa, ko kuma a ce masa ai duk abin da Turawa suka gano yana cikin Alƙur'ani tun shekara 1400 da suka wuce, a rufe zancen. Ni a ganina duka amsoshin biyu sun gaza, kuma magabatanmu na ilimi ba haka suka bi da wannan mas'ala ba.

Babu al'ummar da ba ta yi wa kanta wannan tambaya ba. Yarbawan da suna cewa ruwa ne ya mamaye ko'ina, sai Olodumare ya aiko manzonsa ya sauko ta kan sarƙa riƙe da ƙasa a cikin katantanwa, ya zuba ta a kan ruwan, kaza ta yi ta tono tana baza ta har sandararriyar ƙasa ta samu a Ile-Ife. Wasu Fulanin Mali, da yake rayuwarsu ta shanu ce, sun ce komai ya fara ne daga wani ƙaton ɗigon nono. Misirawan zamanin Fir'auna sun ce tudu ne ya ɓullo daga cikin ruwa, abin da suke gani da idonsu duk shekara idan ambaliyar Nilu ta janye. Maguzawanmu kuwa ba su taɓa musun cewa Allah ne Ya yi sama da ƙasa ba, sai dai hidimarsu ta yau da kullum suna yi wa iskoki ne. Mabiya addinin Hindu sun bambanta da waɗannan, domin a wurinsu duniya tana samuwa ne ta rushe ta sake samuwa ba iyaka, kuma yini guda na Brahma shekara biliyan 4.32 ne. Buda shi kuma da aka tambaye shi ko duniya tana da farko, ƙin amsawa ya yi, ya ce wanda aka harba da kibiya mai dafi ya fi buƙatar a cire ta da a gaya masa sunan maƙerin da ya ƙera ta.

Yahudawa da Kirista da mu Musulmi mun haɗu a kan abu guda wanda ya raba mu da mafi yawan waɗannan, shi ne cewa Mahalicci ɗaya ne, Ya samar da halitta bayan babu ita, kuma Shi ba yanki ba ne na abin da Ya halitta. Littafin Farawa, wanda maƙwabtanmu Kirista na ƙasar Zuru da sauran wurare suke karantawa da Hausa, ya jera aikin kwanaki shida ɗaya bayan ɗaya, daga haske har zuwa mutum, sannan ya ce a rana ta bakwai Allah Ya huta. Alƙur'ani a Suratu Ƙaf, aya ta 38, ya kore gajiya daga Ubangiji bayan ya ambaci kwanakin nan shida. Adalci ya sa in faɗa cewa malaman Kirista da na Yahudu ma suna fassara hutun da dakatawa daga aiki, kuma a littafin Ishaya an ce Mahalicci ba Ya gajiya. A cikin Kirista ne aka sami wani babban limami na ƙasar Ailan mai suna James Ussher, wanda a shekarar 1650 ya tara shekarun da ke cikin jerin zuriyar annabawa ya fitar da cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Amma tun fiye da shekara dubu kafin Ussher, Agustin, babban malamin Kirista da ya rayu a garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ƙi ɗaukar kwanakin a matsayin kwanaki irin namu, kuma ya gargaɗi mabiyansa kada su riƙa faɗar shirme game da sama da taurari da sunan littafi, domin wanda ya san abin zai raina su ya raina littafin.

To, mu me ke hannunmu a nassi? Kwana shida sun zo a surori da dama, ciki har da A'arafi da Yunus da Hudu da Sajada, kuma a Suratu Hudu aka ƙara da cewa Al'arshinSa ya kasance a kan ruwa. A Suratul Anbiya, aya ta 30, an ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe sai aka raba su, kuma daga ruwa aka sanya dukkan abu mai rai. A Fussilat an ambaci sama tana hayaƙi. Game da tsawon kwanakin, malaman tafsiri sun yi saɓani tun da can, domin Suratul Hajji ta ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne na lissafinmu, Suratul Ma'ariji kuma ta ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin, sannan kowa ya san cewa yinin da muka sani da fitowar rana da faɗuwarta ake auna shi, ga shi kuwa ana maganar lokacin da ita kanta ranar ake halitta ta. Lokacin da mutanen Yaman suka zo suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farkon wannan al'amari, amsar da Bukhari ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini gajeriya ce: Allah Ya kasance babu wani abu sai Shi, Al'arshinSa yana kan ruwa, Ya rubuta komai a cikin Lauhu, Ya halicci sammai da ƙasa. Babu adadin shekaru a cikinta.

Wannan batu na adadi yana da muhimmanci, domin mutane da yawa a nan suna ɗauka cewa addini ne ya ce shekarun duniya dubu bakwai ne. Riwayoyi ne da suka shiga littattafan tarihi, kuma Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya faɗa ƙarara cewa mu Musulmi ba mu yanke wani adadi sananne ga shekarun duniya ba. Haka labarin da kakanninmu suka ba mu cewa duniya tana kan ƙahon wani bijimi, bijimin yana kan kifi, idan ya gaji ya sauya ƙaho sai a yi girgizar ƙasa, da labarin Dutsen Ƙaf da ya kewaye duniya, ba aya ba ne ba kuma ingantaccen hadisi ba ne. Ibn Kasir da kansa, a tafsirin Suratu Ƙaf, ya sanya labarin dutsen cikin tatsuniyoyin Bani Isra'ila. Yaron da aka ba shi waɗannan labarai a haɗe da ayoyi, ba a rarrabe masa su ba, ranar da ya ga hoton duniya daga kumbo babu bijimi a ƙarƙashinta, akwai tsoron ya zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi, kuma laifin ba nasa ba ne.

Akwai wani tarihi da ya kamata 'yan boko su sani, saboda yana juya zancen yadda ba su zata ba. Shekaru aru-aru, masu ilimin falsafa ne suke cewa duniya ba ta da farko. Aristo na ƙasar Girka ya tafi a kan haka, Ibn Sina ya bi shi da wani salo nasa, malaman tauhidi kuma suka tsaya a kan cewa duniya fararriya ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da wannan mas'ala ya buɗe littafinsa na raddi ga masu falsafa, kuma ya sanya ta cikin mas'aloli uku da ya fi tsananta hukunci a kansu. Ibn Rushd na Kurɗuba ya mayar masa da martani. Wannan muhawara ba ta tsaya a Bagadaza da Andalus ba, ta iso har zaurukanmu. Duk almajirin da ya karanta ƙaramin littafin aƙida na Imam Sanusi, malamin tauhidi, ya haddace hujjar: jikkuna ba sa rabuwa da motsi da tsayuwa, motsi da tsayuwa fararru ne tun da ana ganin suna sauyawa, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuwa dole ya sami wanda ya farar da shi. A kan irin wannan karatu malaman jihadi, su Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahin Gwandu, suka tashi. Har zuwa farkon ƙarni na 20, yawancin masana kimiyya a Turai suna ɗauka cewa sararin samaniya a tsaye yake, haka yake haka zai ci gaba, har Einstein ya ƙara wani abu cikin lissafinsa a 1917 domin kawai ya tsayar da shi wuri ɗaya.

Wanda ya karya wannan ra'ayi limamin coci ne. Georges Lemaître, fada na Katolika ɗan ƙasar Beljiyam kuma masanin lissafi, ya nuna a 1927 cewa lissafin Einstein yana nufin sarari yana faɗaɗa, bayan wani ɗan Rasha mai suna Alexander Friedmann ya riga ya hango yiwuwar haka a 1922. A 1929 Edwin Hubble, da babbar na'urar hangen nesa ta Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya auna ya ga cewa gungun taurari na nesa suna nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Yadda ake ganewa shi ne kowane sinadari yana barin alamarsa a cikin haske, idan kuma abin da ke ba da hasken yana nisanta, sai alamomin su gusa zuwa ɓangaren ja. Wannan ba ya nufin mu ne a tsakiya. Idan mai burodi ya zuba riɗi cikin ƙullu ya bar shi ya kumbura, kowace ƙwayar riɗi za ta ga sauran suna nisantar ta, alhali ƙullun ne yake buɗewa a tsakaninsu. Lemaître ya ce idan aka mayar da lissafin baya, za a kai lokacin da komai yake cure wuri guda cikin tsananin zafi. Wani masani ɗan Ingila, Fred Hoyle, wanda bai yarda da ra'ayin ba har ya mutu, shi ya laƙaba masa sunan Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949.

Abin da ya raba gardamar ya zo ne ba da nema ba. A 1964 wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suna gwada wata babbar eriya sai suka ji wani tsaki da ya ƙi ɓacewa, ko ina suka juya ta, dare da rana. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, tsakin yana nan. Daga baya aka gane cewa ragowar zafin farko ne, hasken da ya kuɓuta kimanin shekara 380,000 bayan farawar faɗaɗar, wanda ya huce har ya koma digiri 2.7 kacal sama da iyakar sanyi. An ba su kyautar Nobel a 1978. Hujja ta uku ita ce lissafin ya nuna cewa a mintunan farko ya kamata a sami kimanin kashi uku cikin huɗu na haidirojin da kashi ɗaya na hiliyam, da aka auna tsofaffin taurari kuma haka aka tarar. Daga waɗannan ma'aunai aka fitar da cewa sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8. Kuma wannan duban baya ba wani sihiri ba ne, domin haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana ɗaukar fiye da minti takwas daga rana zuwa gare mu. Kaza da 'ya'yanta da manomanmu ke duba, hasken da muke gani daga gare ta ya baro ta kimanin shekara 440 da suka wuce, wato tun sarautar Kabi tana zaune a Surame, ba a ma kafa Birnin Kebbi ba.

Shekarun ƙasar da muke kai kuwa da wani ma'auni daban aka samo su, kuma ma'aunin ya shafi sinadarin da mu Zamfarawa muka sani da baƙin ciki tun abin da ya sami yaran Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, wato dalma. Yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana rikiɗa ya koma dalma sannu a hankali bisa ƙa'ida da ba ta sauyawa, ta yadda rabin babban nau'insa yake rikiɗa cikin kusan shekara biliyan 4.5. Idan aka auna yawan yuraniyam da dalmar da ya haifa a cikin dutse, sai a san tun yaushe dutsen ya sandare. Da haka Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956, yana amfani da duwatsun da suka faɗo daga sama, kuma shi ne daga baya ya yi ta fafutukar a daina zuba dalma a cikin fetur. Irin waɗannan duwatsu ba a ƙasar Turawa kaɗai suke faɗowa ba. A watan Oktoba na 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, nan kusa da mu, kuma bincike ya tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya fito.

Ranka ya daɗe, a nan ne nake saɓa wa 'yan uwana masu amsa ta biyu, wato masu cewa duk abin da Turawa suka gano yana cikin Alƙur'ani. Na san daɗin da ake ji idan aka ɗora ayar Anbiya ko aya ta 47 ta Suratuz Zariyat a kan wannan bincike, kuma tun da likitan nan na Faransa, Maurice Bucaille, ya fitar da littafinsa a 1976 wannan salo ya cika mumbarori. Ban hana mumini ya ga dacewa ya ƙara imani ba. Abin da nake tsoro shi ne a ce ma'anar ayar ke nan babu wata, alhali an ruwaito daga Ibn Abbas cewa haɗewar sama ita ce ba ta zubar da ruwa, haɗewar ƙasa kuma ba ta fitar da tsiro, sai Allah Ya buɗe wannan da ruwa Ya buɗe wancan da tsiro. Kimiyya kuwa gyara kanta take yi, wannan ne ma ƙarfinta. Ma'aunin farko na Hubble ya ba sararin samaniya kimanin shekara biliyan biyu ne, ƙasa da shekarun wasu duwatsu na doron ƙasa, sai a shekarun 1950 aka gano kuskuren awon nisan aka gyara. Da wani mai wa'azi ya ɗaure aya a jikin wancan adadi, yau da ina zai sa kansa? Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 790 bayan Hijira, ya yi inkarin masu cusa wa Alƙur'ani kowane fannin ilimi. Abin mamaki, shi ma Lemaître irin matsayin da ya ɗauka ke nan a cikin addininsa. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna cewa kimiyya ta shaida farkon halitta, fadan bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa binciken da aƙida, domin a ganinsa lissafi yana bayanin yadda abu ya faɗaɗa ne, ba ya kai ga Wanda Ya samar da shi.

Gaskiyar magana ita ce masana da kansu sun yarda cewa ƙa'idodin da suke aiki da su suna tsayawa kafin a kai ainihin farkon, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na abin da ke cike da sararin samaniya ba su san ko mene ne ba, tasirinsa kawai suke aunawa. Tambayar me ya sa aka sami wani abu maimakon babu, da tambayar don me aka yi mu, ba a sa su a ma'auni. Masanin da ya ce bincikensa ya kore Mahalicci ya fita daga ɗakin gwajinsa ya shiga falsafa, kuma a can hujjarsa ba ta fi ta almajirin Sanusi daraja don yana sanye da farar riga ba. Suratul Kahfi, aya ta 51, ta ce Allah bai halartar da su halittar sammai da ƙasa ba, wannan kuma ya hau kan mai na'ura kamar yadda ya hau kan mai ba da labarin bijimi. Maganar asalin ɗan Adam wata mas'ala ce mai zaman kanta, nassoshinta sun fi waɗannan bayani, ba kuma ita na ɗauko ba a wannan wasiƙa.

Masu amsa ta farko kuwa, wato masu cewa karatun Nasara ne a zubar da shi, Imam Gazali ne zai ba su amsa, ba ni ba. Mutumin da ya fi kowa ragargazar masu falsafa, a gabatarwar wannan littafi nasa ya ware abubuwan da bai halatta a yi jayayya da su a kai ba, ya ba da misali da husufi: cewa wata yana shiga duhu ne idan ƙasa ta tsaya tsakaninsa da rana, rana kuma tana rufewa idan wata ya gitta tsakaninta da mai kallo. Ya ce duk wanda ya zaci musun wannan hidima ce ga addini, to ya cuci addini, domin wanda ya iya lissafa lokacin husufi da tsawonsa, idan aka ce masa Shari'a ta saɓa wa haka, ba lissafinsa zai yi shakka ba, Shari'ar zai yi wa shakka. Ya kuma kawo hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu aka yi husufin rana, inda Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya nuna babu abin da ke cikin hadisin da ya hana sanin lissafin. Mu a Gusau mun ga wannan da idonmu a ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi. An sanar da ranar da sa'ar tun kafin ta zo, haka kuma aka yi, mutane suka yi sallar husufi, babu wanda imaninsa ya ragu don an riga an faɗa. Ƙa'idodin lissafin da suka faɗi wannan sa'a 'yan gida ɗaya ne da waɗanda ake auna nisan taurari da su, saboda haka ba daidai ba ne mu karɓe su ranar husufi mu kira su ƙarya a cikin aji.

Umarnin ma yana nan a Suratul Ankabut, aya ta 20, cewa mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta, kuma akwai magabatan da suka yi aiki da shi a zahiri. Biruni, wanda ya zauna a ƙasar Hindu kimanin shekara dubu da suka wuce, ya lura cewa duwatsun da ake tonowa a kwarin kogin Sindu mulmulallu ne, manya a kusa da tsaunuka, ƙanana idan an yi nisa, yashi a bakin teku, sai ya yanke cewa wurin teku ne a da wanda koguna suka cike da laka. Irin wannan shaida tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato cike take da ɓawon halittun teku, domin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku ya ratsa inda Sahara take a yau ya rufe wannan yanki. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada, har masana suka sa mata sunan garin. Wani shimfiɗin ƙasa da ke riƙe da ruwan rijiyoyin burtsatse na Kebbi, a littattafan masana na duniya da sunan Gwandu ake kiran sa. Dutsen Kwatarkwashi kuwa ya girme su duka nesa ba kusa ba, domin irinsa narkakken dutse ne da ya sandare a can ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya bayyana. Ɗalibanmu suna haddace sunayen duwatsun Turai don jarrabawa, suna wuce wannan a mota a kan hanyar Funtuwa ba wanda ya taɓa gaya musu abin da yake.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Na farko ga hukumomin ilimi na jihohin Zamfara da Kebbi da jami'o'inmu na Gusau da Birnin Kebbi da Aliero: a riƙa haɗa malaman kimiyya da malaman addini na sakandare a zama ɗaya ko da sau ɗaya a zango, malamin Islamiyya ya ji yadda ake auna shekarun dutse, malamin kimiyya kuma ya ji abin da nassi ya faɗa da abin da bai faɗa ba, domin kowannensu yana amsa tambayoyin fannin ɗan uwansa a cikin aji ba tare da ya karanta shi ba. Idan Allah Ya kawo mana sauƙin matsalar tsaro hanyoyi suka buɗe, a fitar da yara su ga Kwatarkwashi da Kalambaina tare da malaman biyu a mota ɗaya. Na biyu gare ka, Malam Edita: ka ware wani ɗan gurbi a wannan jarida, ko da sau ɗaya a wata, inda ɗalibai za su aiko da irin waɗannan tambayoyi ba tare da an buga sunayensu ba, a sami masanin kimiyya da malamin tafsiri su amsa da Hausa a shafi guda, kowa ya faɗi hujjarsa da inda ya samo ta.

Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, Ya ba mu zaman lafiya a jihohinmu.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Gusau, Jihar Zamfara.